Ba Aljani Ba Ne, Kansa Ne Ya Bugu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a unguwanninmu, ni kuwa na gaji da jin ta. Saurayi zai faɗi da babur, ya yi kwanaki a asibiti bai san inda kansa yake ba, Allah ya tashi kafaɗunsa a sallamo shi, a yi ta barka da arziki. Bayan wata biyu ko uku sai a fara ƙus-ƙus: wai tun da wane ya dawo ba shi ba ne. Abu kaɗan ya hau faɗa, yana ɗaga wa mahaifiyarsa murya, abin da aka gaya masa da safe kafin azahar ya manta, kasuwa ma ya daina fita. Nan take sai a yanke hukunci. Wasu su ce a wurin da ya faɗi ne ya danne ɗan aljani, wasu su ce jifa aka yi masa, masu sassauci kuma su ce ƙwaya ya fara sha ko iskanci ne ya samu wuri. Ba mai tuna cewa bawan Allahn nan kansa ne ya daki kwalta.

Ƙwaƙwalwa aba ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu da ƙarfi sai ta girgiza ta daki ƙashi, ƙananan jijiyoyinta su tsinke, ko ta kumbura, ko jini ya taru ya danne ta. Wannan shi ne raunin ƙwaƙwalwa a taƙaice. A wurinmu hatsarin babur da na mota ne kan gaba wajen jawo shi, sai faɗowa daga bishiya ko gini, dambe, saran 'yan daba, da jijjiga jariri da ƙarfi.

Abin da mutane suka kasa yarda da shi shi ne, hali ma a ƙwaƙwalwa yake. Kunya, haƙuri, iya riƙe baki a gaban surukai, sanin abin da ya dace a faɗa da wanda bai dace ba, duk aikin sashen gaba ne na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi. Goshin nan kuwa sau da yawa shi ke buguwa idan babur ya kayar da mutum. Mun yarda cewa wanda ƙafarsa ta karye zai yi ɗingishi, ba ma cewa aljani ne ya riƙe masa ƙafa. To me ya sa wanda wurin haƙurinsa ya samu rauni ba za mu yarda haƙurin nasa zai yi ɗingishi ba?

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A shekarar 1848, a jihar Bamont ta Amurka, wani shugaban leburorin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage yana dandaƙa albarushi a ramin dutse, abin ya tashi, sandar ƙarfen da ke hannunsa ta shiga ta kuncinsa na hagu ta fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba. Yana magana, yana tafiya, yana gane mutane. Amma likitan da ya duba shi, John Harlow, ya ba da labarin cewa mutumin da aka sani da natsuwa da riƙon amana ya koma mai ashar, mara haƙuri, wanda ba ya tsayawa kan shawara ɗaya, har masu aikin suka ƙi mayar da shi kan muƙaminsa. Ba wanda ya yi wa Gage sammu, ƙarfe ne ya ratsa bayan goshinsa. Sai dai ƙarshen labarin ya fi ba ni sha'awa, domin daga baya mutumin nan ya yi shekaru yana tuƙa keken doki na fasinja a ƙasar Chile, aikin da ke buƙatar kiyaye lokaci da iya zama da jama'a. Ya rayu har 1860. Ashe ana samun sauƙi, idan an samu tsari da lokaci.

Sai wani ya ce, "Ai kan nasa bai ko fashe ba, kuma an yi hoto an ce lafiya lau." Hoton siti sikan yana nuna jini da karayar ƙashi da kumburi. Tsinkewar ƙananan jijiyoyi sau da yawa ba ya ganin ta. Mutum zai iya fita da takarda mai kyau alhali ciwon kai, jiri, mantuwa da gajiya na cin sa a ciki. Shi ya sa ciwon nan ke da cin rai: mai gurguwar ƙafa kowa na tausaya masa, wannan kuwa ana ganin sa garau sai a ce lalaci ne.

Ni ba na ja da addu'a, kuma babu likita mai hankali da zai hana a yi wa mara lafiya tofi. Abin da nake ja da shi shi ne a ɗauki mutumin da ƙwaƙwalwarsa ke jinya a kai shi inda za a danne shi, a turara masa hayaƙi har ya shiɗe, a zabga masa bulala ana cewa wanda ke jikinsa ake duka, daga ƙarshe a sa masa mari a ƙafa. Wallahi jikinsa ake duka, kuma shi ke jin zafin. Kuɗin da ya kamata a koma asibiti da su sun tafi a sayen baƙin bunsuru da turare, maganin da likita ya rubuta kuma an ajiye shi don wai ba ciwon asibiti ba ne. Idan farfaɗiya ta biyo baya, wadda takan zo watanni ko shekaru bayan buguwar, sai a ce ga shi nan, mutanen sun bayyana. Tabon raunin ne ke haddasa ta, tana da magani, kuma yawun mai ita ba ya sa wa kowa ciwo. Idan ta tashi a kawar da wuta da abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, ta lafa a juya shi ta gefe. Kada a tura cokali a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa. Ta wuce minti biyar, a nufi asibiti.

Tsofaffi kuma nasu zaluncin daban ne. Dattijo zai zame a bayan gida, ya tashi ya kakkaɓe, kowa ya manta. Bayan makonni sai ya fara ruɗewa, yana yawan barci, yana jan ƙafa ɗaya, a ce gigin tsufa ne. Sau da yawa jini ne ke taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, kuma ƙaramar tiyata ce ke fitar da shi mutum ya dawo hayyacinsa. Asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa.

Duk wanda kansa ya bugu sannan aka ga yana amai a kai a kai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci mai wuyar tashi, ko ɓari ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe, ko ruwa ko jini na fita ta kunne ko hanci, ba a kwana da shi a gida. Ko da ya farfaɗo ya yi hira lafiya, kada hakan ya ruɗe ku, domin akwai zubar jinin da ke ba da sa'o'i kafin ta kayar da mutum.

Bayan sallama kuwa, aikin na mutanen gida ne. Ku rage 'yan dubiya. Mu Hausawa muna cika ɗaki, kowa na tambayar "Ka gane ni?", rediyo na yi, yara na guje-guje, shi kuwa kansa ba ya iya tace wannan hayaniya, sai ya fashe da faɗa a ce ba ya son mutane. Mutum biyu, minti goma, ya isa. A bar shi ya yi barci, har da na rana. A yi masa magana ɗaya bayan ɗaya. Maimakon "Ka yi wanka ka karya ka je wurin Kawu ka karɓo saƙo," a ce "Ga ruwan wanka," in ya gama a faɗi na gaba. A saya masa ƙaramin littafi yana rubuta abin da zai yi, a saita masa ƙararrawar waya don shan magani, makulli da carbi da wayar su kasance wuri ɗaya kullum. Idan yana rikicewa a adadin raka'o'i, wani ya ja shi salla a gida. Batun azumi a tambayi likita, musamman mai shan maganin farfaɗiya, wanda ba a tsayar da shi don an ga sauƙi. Wasu suna rasa jin ƙamshi da wari, don haka kada a bar su su kaɗai da tukunyar gas. Tiramol, maganin tari mai sa maye da giya haramiyarsa ne, haka maganin barci da likita bai rubuta ba. Kada a bar shi ya koma kan babur ko sitiyari ko saman gini sai likita ya amince, domin buguwa ta biyu kafin ta farko ta warke ta fi muni. Masu gashin ƙashi na asibiti suna taimakawa wajen tafiya da motsa hannu, a riƙa zuwa ko da ana ganin abin na tafiyar hawainiya. Mafi yawan sauƙin yakan zo ne a watannin farko, amma yana ci gaba har shekaru.

Idan ya fusata kada a biye masa, a canza magana ko a ba shi wuri. Idan ya yi shiru, ya daina cin abinci, yana cewa gara ya mutu, wannan baƙin ciki ne na ciwo, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa, ba abin kunya ba ne. Matarsa kuma, wadda ke shan zagi da rana ta yi jinya da dare, dangin miji ku karɓe ta aiki lokaci-lokaci maimakon ku zauna kuna zargin ta da hannu a ciki. In kuma abin ya kai ga duka, a raba su wuri a sanar da likita.

A farkon 2009 da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular kwano, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka riƙa kifawa a ka, muka yi ta dariya. Har yau mafi yawanmu kai tsirara muke hawa babur, har da goyo a baya. Jama'a, mu sayi hular nan mu sa. Wanda kuma ƙaddara ta riga ta faɗa wa, don Allah a kwance masa mari a mayar da shi asibiti.