Yadda gawo yake yaɗa irinsa

A gonakin Ɗan Kassari, da cikin Dallol Mawri wajen Dogon Dutsi da Tibiri, akwai gawo da yawa. Galibinsu ba mutum ne ya shuka su ba. To, wa ya shuka su?

Gawo icce ne mai halin kansa. Da damana, lokacin da sauran itatuwa suka yi kore, shi sai ya zubar da ganyensa. In ruwa ya ɗauke, wajen watan Oktoba, sai ya sake toho, ya yi fure mai ƙamshi. Ƙudan zuma da waɗansu ƙwari suna zuwa shan zaƙin furen. Garin fure yana manne masu a jiki, su kai shi bisa wani fure. In ba a yi haka ba, gawo ba ya yin ɗiya da yawa.

Ɗiyan gawo suna nuna da rani, daga Janairu zuwa Maris. Kwanso ne ja-ja, murɗaɗɗe, mai ƙwaya 10 zuwa 20 a ciki. Kwanson ba ya fashewa da kansa, kuma ya yi wa iska nauyi. Ba kamar irin tumfafiya ba, mai gashi, wanda iska ke ɗauka ta kai shi nesa. Ɗan gawo a gindin uwarsa yake faɗuwa.

Nan ne bisashe suke shigowa. Da rani ciyawa ta ƙare, awaki da tumaki da shanu suna rububin ɗiyan gawo. Kwanson yana narkewa a cikinsu. Ƙwayar kuwa ɓawonta tauri gare shi ƙwarai, har ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Wadda haƙori bai fasa ba sai ta bi hanji, ɓawon ya yi laushi, ta fita cikin kashi. Ta yiwu a wata gona ce, nesa da inda aka ci ta. Ga iri, ga takinsa tare, sai jiran ruwan fari.

Ba duka ke tsira ba. Ƙwari suna huda da yawa tun suna cikin kwanso. Wanda ya tsiro kuma saiwarsa yake fara turawa ƙasa neman ruwa, samansa ya daɗe yana ɗan ƙarami. Hauyar mai noma tana sare shi da haki, akuya ma, wadda ta kawo shi, tana iya cinye shi. Asara ce, don hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili kyau. Shi ya sa manomi mai lura yake kewaye ɗan gawo da ƙaya, ya kauce masa wajen noma.

A lambun makaranta, inda ba a barin awaki su shiga, ana zuba wa ƙwayoyin ruwan zafi, a bar su su kwana ciki. Da safe sai a zaɓi waɗanda suka kumbura a shuka.