Ƙuraje da Gyambo ga Masu Allurar Maye: A Gwada Jini Tukuna

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Haka ma labarin jini, sau da yawa fata ce ke fara ba da shi.

Bayan an gama kaka, samarin Kunci da ƙauyukanta sukan tafi cirani Kano da sauran birane. A can wasu kan faɗa hannun miyagun abokai, su koyi yi wa kansu allurar maye, irin su fenta. Fenta maganin ciwo ne mai tsanani, likita kaɗai ke da ikon rubuta shi. Wani bincike na shekarar 2018 ya nuna mutum wajen 80,000 ke yin irin wannan allura a Nijeriya.

Haɗari biyu ne a ciki

Na farko, allurar kanta tana ɓata fata. Wurin da ake yawan sokawa yakan kumbura, ya zama maruru, ya fashe. Fenta kuwa takan sa fata da tsoka su sandare kamar itace, daga baya gyambo ya buɗe ya ƙi warkewa.

Na biyu ya fi muni. Idan mutum biyu ko uku suka yi amfani da allura ɗaya, jinin wani yakan shiga jikin wani. Ta haka ƙwayar cutar ƙanjamau ke yaɗuwa, har da ciwon hanta. Ƙwayar tana cinye garkuwar jiki sannu a hankali, kamar yadda gara ke cin rumbu. Sai ƙananan cututtuka su sami ƙofa.

Alamun da akan gani

1. Ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ƙafa, masu barin baƙin tabo.
2. Ƙuraje masu ruwa da zafi kamar ƙuna, a jere a gefe ɗaya na jiki.
3. Ƙazuwa ko makero da suka mamaye jiki suka ƙi jin magani.
4. Amosani mai yawa a ka da gefen hanci.
5. Fari-fari a harshe da cikin baki.
6. Tabo mai duhu, mai tauri, marar ciwo, a ƙafa ko dasashi. Wannan yana iya zama ciwon daji.

A lura, ba duk mai ƙuraje ne ke da ƙanjamau ba. Ido ba ya gane ta, sai gwajin jini.

Abin da ya kamata a yi

Kada a tsaya shafe-shafe kawai, domin tushen cutar a jini yake. Kada a kai wa wanzami ya tsaga. A wanke miki da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe. In da zazzaɓi ko kumburin yana yaɗuwa, a garzaya asibiti ran nan.

A nemi gwaji a asibitin Kunci ko Babban Asibitin Bici. Tun shekarar 2006 gwamnati ke ba da maganin ƙanjamau kyauta. Ba ya kawar da ƙwayar, amma yana danne ta. Mai sha kullum ba fashi, garkuwarsa takan dawo, yawancin ƙurajen su lafa, ya koma gonarsa. Ya kai matarsa gwaji, ya kuma gaya wa likita gaskiya game da allurar, don a taimake shi ya bari.

Iyaye da 'yan uwa kada su guje shi. Gaisawa da cin tuwo a kwano ɗaya ba sa yaɗa ƙanjamau. Tsangwama ita ke sa mai ciwo ya ɓoye har lokaci ya ƙure.