Sadaka da Ƙungiyoyin Sa Kai a Ƙasar da Ta Rabu Biyu: Misalin Ailan ta Arewa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda sadaka da ƙungiyoyin sa kai suke aiki a ƙasar da siyasa da addini suka raba mutanenta gida biyu. Misalin da aka ɗauko shi ne Ailan ta Arewa, watau yankin da ya ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya bayan da aka raba tsibirin Ailan a 1921. Galibin 'yan Furotesta suna son zama da Birtaniya, galibin 'yan Katolika kuwa suna son haɗewa da Jamhuriyar Ailan. Daga 1969 zuwa 1998 wannan saɓani ya ci rayuka kimanin 3,500.

A irin wannan ƙasa, shi kansa alheri yana da ɓangare. Kowace ɗariƙa tana da makarantunta da unguwanninta da ƙungiyoyinta na taimakon gajiyayyu. Saboda haka wanda ya miƙa kyautarsa ta hannun ɗayansu, kome kyawun niyyarsa, ya ƙara tubali ne a kan katangar da ke tsakani. Kuɗin gwamnati ma bai tsira daga zargi ba, domin kuwa a 1985 Douglas Hurd, Sakataren Birtaniya mai kula da yankin, ya hana tallafi ga ƙungiyoyin unguwa da ake zargi suna da alaƙa da masu ɗauke da makamai. Haka kuma asusun ƙasa da ƙasa da gwamnatocin Birtaniya da Ailan suka kafa a 1986, wanda Amurka da Kanada suka zuba wa kuɗi, 'yan Furotesta da yawa sun ƙyamace shi da farko, don ya samo asali daga yarjejeniyar 1985 wadda suka ƙi.

To, ina ne sadaka ta yi tasiri? Ta yi tasiri a wuraren da babu ɓangaren da zai ce nasa ne shi kaɗai. Alal misali, a 1981 waɗansu iyaye suka buɗe makarantar Lagan a Belfast da ɗalibai 28, inda 'ya'yan Katolika da na Furotesta suke karatu a aji ɗaya. Shekara uku makarantar tana tafiya da gudummawar iyaye da ta asusun masu alheri, sa'an nan gwamnati ta soma ɗaukar nauyinta a 1984. Dokar ilmi ta 1989 ta ɗora wa gwamnati alhakin ƙarfafa irin waɗannan makarantu. Watau masu sadaka sun ɗauki kasadar gwaji a lokacin da 'yan siyasa suke jin tsoro, bayan abin ya tsaya da ƙafarsa hukuma ta karɓa.

Har ila yau, asusun sa kai na yankin, wanda aka kafa a 1979, ya yi aiki da unguwannin talakawa na ɓangarorin biyu. Da Tarayyar Turai ta fito da shirinta na zaman lafiya a 1995, ta hannun wannan asusu aka tallafa wa ƙungiyoyin tsofaffin fursunonin rikicin, abin da da wuya wani minista ya sa hannu a kansa kai tsaye.

Amma kuɗi da suna ba su isa su riƙe ƙungiya ba. Mairead Corrigan da Betty Williams sun fito da dubban mutane kan titi a 1976, har suka sami lambar Nobel ta wannan shekara, duk da haka ƙungiyarsu ta raunana cikin 'yan shekaru saboda saɓanin cikin gida, ciki har da gardama kan kuɗin lambar.

A taƙaice, 'yan siyasa ne suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998, ƙungiyoyin sa kai kuwa suka share fagen da ta tsaya a kai. Aikin bai ƙare ba, domin har yanzu katangun da aka soma ginawa a 1969 suna raba waɗansu unguwannin Belfast, kuma ɗaliban makarantun haɗin gwiwa ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Mai ba da taimako a irin wannan ƙasa, wajibi ne kafin ya tambayi yawan abin da zai bayar, ya fara tambayar hannun wa zai bi, da kuma yadda ɗaya ɓangaren zai fassara shi.