Kofin Tsohon Raleigh Ba Ya Karɓar Aro

Manomin da ya ɗoro buhun gero a tsohon keke daga Roni ko Gwiwa zuwa kasuwar Kazaure, duk ƙarfin ƙafarsa wuri guda yake sauka, watau cibiyar keke, inda sandar feda ke juyawa. In ka ji tana ƙas-ƙas, to, kada ka bari sai kaka.

A cikinta akwai sanda, da kofi biyu, da boris 11 kowane gefe, masu kaurin rubu'in inci. Boris da giris ba su da wuya. Wajen kofi ake ɓarna.

Kamfanin Raleigh na Ingila zare 26 ya yanka wa kofinsa a kowane inci. Hercules da Phillips kuwa 24 ne, kafin a haɗe su da Raleigh a 1960. Ido ba ya rarrabe su. Kofi mai 24 zai shiga Raleigh zagaye biyu ko uku, sa'an nan ya cije. Mai gyara in yana gaggawa sai ya sa ƙarfi, zaren cibiyar ya cinye, keken gado ya koma jingine a zaure, ga gyaɗa tana jira a gona.

Saboda haka, malam, tafi da tsohon kofinka, a kara zarensa da na sabon, ka ga sun hau juna. Sandar ma a gwada, don cibiyar Raleigh ta fi faɗi. A fara ɗaurawa da yatsa tukuna. Kofin gefen sarƙa kuwa, hagu ake murɗa shi ya ɗauru.