Neman Awa 1,500: Abin da ke Kai Sabon Matuƙin Jirgin Sama Tsibiri Mai Nisa

Gabatarwa

Ranar da yayana ya karɓo lasisinsa na tuƙin jirgin sama, girkin da aka yi a gidanmu sai ka ce na salla. Mahaifinmu filin da ya gada ya sayar ya biya kuɗin makarantar, saboda haka kowa ya ɗauka wahala ta ƙare. Sai ga shi an shekara, an shiga ta biyu, matuƙin namu yana zaune a shagon Mama yana taya ta lissafi. Duk kamfanin da ya aika wa takarda amsarsu ɗaya ce: awoyinka ba su kai ba. Daga ƙarshe da aiki ya zo, sai ya zo daga Papuwa, can ƙarshen gabashin ƙasar Indunusiya, wurin da babu wanda ya taɓa jin sunansa a danginmu.

Da yake ni ce 'yar jami'a a gidan, ni Mama ta ɗora wa aikin bincike. Cewa ta yi, "Ke da kike karatu, ki gano mini inda za a kai mini ɗa." Abin da na gano shi ne nake son in kawo wa masu karanta wannan mujalla. Hausa ba harshen da na buɗi baki da shi ba ne, a maƙwabta na fara koyonta, a aji nake ƙarasawa, don haka in an ga kuskure a gafarce ni.

Matsalar Awa

A harkar jirgin sama, ba a auna gogewar matuƙi da shekarun da ya yi yana aiki. Da awoyin da ya yi a sama ake aunawa. Kowane matuƙi yana da littafin da yake rubuta duk tashin da ya yi, da irin jirgin, da tsawon lokacin, da kuma matsayinsa a ciki, wato ko shi ne kyaftin ko mataimaki. Bisa ƙa'idar hukumar ICAO mai kula da sufurin jiragen sama na duniya, da awa 200 mutum zai iya samun lasisin da zai ba shi damar yin tuƙi a biya shi. Amma babban lasisi, wanda ake zama kyaftin ɗin jirgin fasinja da shi, sai an cika awa 1,500.

Tsakanin 200 da 1,500 ɗin nan ne matasa da yawa suke maƙalewa. Manyan kamfanoni sun fi son wanda ya tara awa, ita kuwa awa ba ta taruwa sai an ba ka jirgi. Hayar jirgi domin a cike giɓin kuwa, ko mai hali ba zai iya ba. A Amurka ma abin ya fi tsanani. Bayan haɗarin wani jirgin kamfanin Colgan Air kusa da birnin Buffalo a watan Fabrairun 2009, wanda ya ci rayukan mutum 50, an yi dokar da ta fara aiki a 2013, wadda ta ce hatta mataimakin matuƙi a jirgin fasinja sai ya mallaki babban lasisin. Saboda haka sabon matuƙi yakan nemi duk inda za a yarda da shi: koyar da ɗalibai, ɗaukar hoton ƙasa daga sama, ko kuma ƙananan kamfanonin da ke aiki a wuraren da manyan matuƙa ba sa son zama.

Me Ya Sa Sai Tsibiri?

Indunusiya tana da tsibirai fiye da 17,000. Papuwa ita ce rabin yamma na tsibirin Niyu Gini, wanda shi ne na biyu a girma a duniya bayan Girinlan. Tsakiyar tsibirin duwatsu ne da kurmi mai duhu. A nan dutsen Puncak Jaya yake, mai tsawon mita 4,884. Akwai ƙauyuka da yawa da mota ba ta zuwa, tafiyar da jirgi zai yi cikin minti talatin sai mai ƙafa ya kwana da kwanaki yana yi. A irin wannan wuri jirgin sama shi ne motar kasuwa, shi ne motar asibiti. Shinkafa, siminti, kwanon rufi, man fetur, malamin makaranta da mace mai naƙuda, duk ta sama ake kai su. Gwamnatin ƙasar ma tana tallafa wa wasu hanyoyin da kuɗi domin talaka ya iya biyan kuɗin kujera.

Kamfanin da ya fi suna a wannan aiki shi ne Susi Air. Wata 'yar kasuwar kifi ce mai suna Susi Pudjiastuti ta kafa shi a 2004 domin kai kayanta kasuwa kafin su lalace. A ƙarshen wannan shekara ambaliyar tsunami ta afka wa lardin Aceh, jiragenta suna cikin na farko da suka kai agaji. Daga baya matar ta zama ministar harkokin teku da kamun kifi daga 2014 zuwa 2019. Kamfanin ya daɗe da yin suna wajen ɗaukar matasan matuƙa daga ƙasashen waje. Akwai wasu ƙananan kamfanoni masu irin wannan aiki, ɗaya daga cikinsu ne ya kira yayana.

Yadda Aikin Yake

Jirgin da aka fi amfani da shi shi ne Cessna Caravan, mai inji ɗaya da farfela a hanci, yana ɗaukar mutum 12 ko kusa da haka. Inda filin sauka ya yi gajarta ƙwarai kuma, sai a tura Pilatus Porter, ƙirar ƙasar Suwizalan. Sabon zuwa a kujerar dama yake farawa a matsayin mataimaki. Shi zai duba mai, ya auna kaya, ya cike takardu, ya yi magana a rediyo. In ya nuna ƙwazo kuma awoyinsa suka ƙaru, sai a mai da shi kujerar hagu ya zama kyaftin.

Tun asuba ake tashi, domin kafin azahar gajimare kan taso ya rufe kwaruruka, matuƙin da ba ya ganin dutse kuwa bai san inda zai kauce ba. Yawancin filayen sauka na ƙauyuka ciyawa ce ko tsakuwa, mutanen gari ne suka share da hannu a gefen tudu. Wasu gangare ne, ana sauka ana hawa tudu, ana tashi ana gangarowa. A irin waɗannan filaye akwai wurin da in jirgi ya wuce shi ba damar fasa sauka, domin dutse ne a gaba. Bugu da ƙari, iskar kan tudu ba ta da kauri kamar ta bakin teku, don haka inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fiffike ma ba ya ɗaukar nauyi yadda ya saba. Garin Wamena, alal misali, yana sama da teku da kimanin mita 1,600. Shi ya sa buhu ɗaya da aka ƙara ba bisa lissafi ba yana iya zama ajalin kowa da ke ciki.

Ribar aikin a fili take. Mai tashi sau biyar ko shida a yini zai tara ɗaruruwan awoyi a shekara, kuma hannunsa zai faɗa fiye da na wanda na'ura ke tuƙa masa jirgi. Cikin shekara biyu ko uku yana iya cika abin da ake nema.

Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu

Wannan sashe ne na fi jin nauyin karanta wa Mama. A watan Agustan 2015 wani jirgin kamfanin Trigana Air ya daki dutse kusa da Oksibil a Papuwa, mutum 54 da ke ciki babu wanda ya fita. Kafin nan ma, tun 2007 Tarayyar Turai ta hana jiragen Indunusiya shiga sararin samaniyarta saboda rashin gamsuwa da matakan kiyaye haɗari, ba a ɗage haramcin gaba ɗaya ba sai a 2018, bayan ƙasar ta yi gyare-gyare.

Haka kuma akwai rikicin 'yan aware da aka daɗe ana fama da shi a yankin. A watan Fabrairun 2023 mayaƙa sun kama wani matuƙin Susi Air ɗan ƙasar Niyu Zilan mai suna Phillip Mehrtens jim kaɗan bayan ya sauka a gundumar Nduga, suka ƙona jirgin. Sai a Satumbar 2024 aka sako shi, bayan wata 19 a hannunsu. Ga zazzaɓin cizon sauro, wanda ya fi yawa a Papuwa fiye da ko'ina a ƙasar. Ga kuma kaɗaici, domin awa 8 ce tsakanin agogonsu da namu, lokacin da muke shirin kwanciya shi yana shirin fita aiki.

Tambayoyin da Suka Kamata Kafin Sa Hannu

Na farko, shin awoyin za su yi amfani? Jirgi irin Caravan an ƙera shi ne yadda mutum ɗaya zai iya tuƙa shi, saboda haka ba kowace hukuma ce ke ƙirga awoyin mataimaki a cikinsa dukkansu ba. Wasu manyan kamfanoni kuma awoyin jirgi mai inji biyu suke nema. Wajibi ne mutum ya tambayi hukumar da ta ba shi lasisi tun kafin ya tafi, kada ya yi noma a gonar da ba zai girba ba.

Na biyu, yarjejeniyar horo. Kamfanoni da yawa sukan horar da mutum bisa sharaɗin zai yi musu aiki na wasu shekaru, in ya tafi kafin lokaci ya biya kuɗin. Na uku, takardun izinin aiki, da inshorar lafiya, da wanda zai biya kuɗin komawa gida in abu ya ɓaci.

Na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci: in matuƙi ya dubi sama ya ce yau ba zai tashi ba, ko ya ce kaya sun yi yawa a rage, me kamfanin zai yi masa? Matashin da ke da bashi a wuya kuma yake ƙirga awa, shi ne ya fi sauƙin tursasawa. Amsar wannan tambaya ba ta cikin takardar ɗaukar aiki, sai a bakin waɗanda suka taɓa yin aiki a wurin. Yayana sai da ya nemi uku daga cikinsu ya ji ta bakinsu kafin ya amince.

Kammalawa

Daren da za a yanke shawara, Mama ta ce gara ya zauna a shago har abada da a kawo mata labari mara daɗi. Baba ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, amma ya ɗora masa sharaɗi guda: duk ranar da zuciyarsa ba ta kwanta da hanya ba, ya juyo, ko da za a kore shi. A kan haka ya tafi.

Yanzu ya shiga shekara ta biyu a can. Kwanan baya ya kira ni, ya ce sun ɗauki kaya za su kai wani ƙauye, suka tarar gajimare ya toshe bakin kwarin, shi da kyaftin suka juyo da kayansu. Na ce, "Yaya, ashe kun yi asarar tafiya." Ya yi dariya ya ce minti arba'in ɗin nan ma ya rubuta su a littafinsa, kuma ga shi da ransa yana ba ni labari.

'Yan'uwana ɗalibai, mu ma nan gaba kaɗan za mu fita da takarda a hannu, a riƙa tambayarmu gogewar da ba mu da ita. Wataƙila aikin farko ya kai mu inda ba mu taɓa zato ba. In hakan ta faru, mu tambayi abin da za mu koyo, mu tambayi abin da za mu iya rasawa, mu kuma tabbata za a saurare mu ranar da muka ce a'a. Allah ya dawo mana da matafiyanmu lafiya, amin.