ƘWAN KWANCI: A RUBUTA RANA, A ƘIDAYA KWANA



A ƙasar Tasawa da ta Mayahi da wuya mutum ya shiga gida bai ga kaza ko zabuwa ba. Kaza ita ce asusun talaka. In yaro ya kwanta rashin lafiya, ita ake kamawa a kai kasuwa a sayo magani. In baƙo ya sauka, ita ake yankawa. Mata da yawa da kaza ɗaya suka fara, har suka kai ga mallakar akuya.

Amma ga abin da ke faruwa kowace shekara. Damina ta faɗi, zabi sun fara ƙwai. Uwargida ta kwance ɗan kuɗinta ta sayo ƙwan zabi 15 a kasuwa. Aka ɗauro su a bayan babur, ta zuba wa kazarta. Kaza ta kwanta mako huɗu cur, har ta rame. Ranar ƙyanƙyasa ƴan zabi uku kaɗai suka fito, sauran duk baragurbi. Kuɗi sun tafi, wata guda ya tafi, sai a ce kazar ce ba ta iya kwanci ba. Sau da yawa kuwa kaza ba ta da laifi. Ƙwan ya riga ya mutu tun bai shiga gurbi ba.

Ƙwai abu ne mai rai

A jikin gwaiduwar ƙwai akwai wani ɗan farin ɗigo. In zakara ya bi kazar, wannan ɗigo shi ne zai zama ɗan tsako. Yana nan kamar mai barci, yana jiran ɗumi. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa bayan kwana 21. Na zabuwa kwana 26 zuwa 28. Na agwagwar da muke kiwo a gidajenmu kwana 35.

Abubuwa huɗu ne ke kashe wannan ɗan rai kafin kwanci: daɗewa, zafin rana, girgiza, da dauɗa. Wanda ya kare ƙwansa daga waɗannan huɗu ya gama rabin aiki.

Wane ƙwai za a zaɓa?

Da farko a tabbata akwai zakara a garken. Zakara ɗaya mai lafiya ya ishi kaji 10. Ƙwan manyan gidajen kaji da ake sayarwa don ci, galibi ba shi da zakara. Ko kaza ta shekara a kansa ba zai fashe ba.

A zaɓi ƙwai matsakaici, mai santsi, mai ƙarfin ɓawo. A ware wanda ya yi ƙanƙanta, da wanda ya cika girma, da mai tsagewa, da wanda kashi ya ɓata. Kada a wanke ƙwan kwanci, kada kuma a tsoma shi cikin ruwa don gwaji. Akwai wata rigar kariya a bayan ɓawo wadda ido ba ya gani. Ruwa yana wanke ta, ƙwayoyin cuta su samu ƙofar shiga. In dauɗar kaɗan ce, a goge da busasshen tsumma.

Sabon ƙwan da aka ware don ƙanƙanta ko girma kada a bar shi ya lalace. A dafa shi sosai a ba yara. Maganar da ake yi cewa yaron da ya ci ƙwai zai zama ɓarawo ba ta da tushe. Ƙwai abinci ne mai gina jiki, kuma ana iya fara ba jariri dafaffensa tun yana da wata shida.

A rubuta ranar a jikin ƙwai

A nan ne karatun da muka koya zai yi mana rana. Duk ƙwan da aka ɗauko daga gurbi, a sa fensir a rubuta ranar a jikinsa. Ta haka ba za a cakuɗa sabo da tsoho ba. Ƙwan da ya wuce kwana 7 ƙarfinsa ya fara raguwa. Da bazara kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kada a bar shi ya wuce kwana 3 ko 4. Zafin ɗaki yana tayar da ɗan tsakon ya fara girma ba a kan lokaci ba, sannan ya mutu.

A ajiye ƙwan cikin ƙwarya mai ƙaiƙayi ko busasshen yashi, a wuri mafi sanyi a gida, kamar kusa da randa. Gefe mai tsini ya dubi ƙasa, gefe mai faɗi ya dubi sama.

Ƙwan da ya sha hanya

Yawancin asara a nan take. Zabuwa ba ta cika kwanci a gida ba, shi ya sa muke sayen ƙwanta mu sa wa kaza. Wasu kuma suna aikawa Maraɗi ko Damagaram a sayo musu ƙwan kajin iri mai girma. Daga Maraɗi zuwa Tasawa tafiyar fiye da kilomita 100 ce. Wanda ke Kanambakashe ko Urafan kuma sai an ƙara masa da hanyar yashi da gargada.

A gefen ƙwai mai faɗi akwai wani ɗan ɗaki na iska. Da iskar nan ɗan tsako ke fara numfashi kafin ya fasa ɓawo. Girgizar mota da ta babur tana kwance ɗakin nan daga wurinsa, ko da ɓawon bai tsage ba. Saboda haka ga abin da ya kamata a yi:

1. A saya a hannun wanda aka sani, wanda ke da garken da kansa. A tambaye shi yaushe aka yi ƙwan. Ƙwan da ya zaga kasuwa biyu ko uku a hannun dillalai ba na kwanci ba ne.
2. A jera ƙwan cikin kwalin ƙwai mai gurabu, ko cikin kwando mai dussa ko ƙaiƙayi, kada wani ya taɓa wani.
3. A yi tafiya da sanyin safiya. Kada a ɗora kayan a saman mota cikin rana, kada a ɗaure su a bayan babur. A rungume su bisa cinya.
4. In an iso gida kada a yi gaggawa. A ajiye ƙwan a inuwa, tsini ƙasa, ya huta yini ɗaya da kwana ɗaya. Sannan a sa wa kaza.

Ko an kiyaye duk wannan, ƙwan da ya zo daga nesa ba ya kamo na gida. Sau da yawa rabi kaɗai ke fita. Mai saye ya sa wannan cikin lissafinsa, ya fara da kaɗan.

Kaza mai kwanci

A zaɓi kaza mai jiki wadda ta taɓa reno. A bar ta kwana biyu a gurbi, a tabbata kwancin na gaske ne. Kazar gida tana rufe ƙwan kaza 10 zuwa 12, ko na zabi 12 zuwa 15. Kwaɗayin zuba 20 shi ke jawo asara, domin na gefe yana yin sanyi, kaza kuma tana juya su, har sanyin ya zaga kowane ɗaya.

A gyara gurbi a wuri mai inuwa, inda yara da karnuka da sauran kaji ba za su dame ta ba. A shimfiɗa yashi, a barbaɗa toka saboda ƙwarƙwata, a ɗora busasshiyar ciyawa. A sa mata ƙwan da dare, duka a lokaci ɗaya, a rubuta ranar a littafi. A ajiye mata hatsi da ruwa kusa. In ta tashi sau ɗaya a yini don ta ci ta yi birgima, a ƙyale ta.

Mai son haɗa ƙwan zabi da na kaza a gurbi ɗaya, ya fara sa na zabi. Bayan mako guda ya ƙara na kaza biyu ko uku. Za su fito kusan tare, ƴan tsakin kuma su koya wa ƴan zabin cin abinci da bin uwa.

Haskawa a kwana na 7

Ba sai an jira mako uku ba kafin a san abin da ke cikin ƙwai. A daren kwana na 7 a ɗauki cocila a shiga duhu. A ɗora gefe mai faɗi a bakin cocilar, a rufe da hannu. Ƙwai mai rai za a ga ɗan baƙin ɗigo da jajayen jijiyoyi kamar saƙar gizo. Wanda haske ya ratsa shi fes, babu kome ciki. Wanda ke da jan zobe kuwa ya fara, ya mutu. A fitar da waɗannan biyu a binne. Ɓawon ƙwan zabi yana da kauri, shi sai a kwana na 10. A sake haskawa a kwana na 14, domin baragurbi in ya fashe a gurbi yana ɓata sauran.

Injin ƙyanƙyasa

Ƙyanƙyasa ba da kaza ba tsohuwar sana'a ce. Mutanen Masar sun fi shekara 2000 suna yin ta cikin ɗakunan laka da ake ɗumamawa da wuta. Yau akwai ƙananan injuna, masu aiki da lantarki, da kananzir, da hasken rana. Inji yana ɗaukar ƙwai da yawa, amma duk abin da kaza ke yi da kanta, mai inji ne zai yi shi.

A kunna injin ba kome ciki yini guda, a ga zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 37 da rabi zuwa 38. A ajiye shi a ɗaki mai sanyi, domin in zafin ciki ya haura digiri 40 ƙwan zai mutu. Kada kwanon ruwan ciki ya bushe, musamman lokacin hunturu. In injin ba ya juya ƙwai da kansa, a zana X a gefe ɗaya, O a ɗaya gefen, a riƙa juyawa sau uku a yini. A daina juya ƙwan kaza a kwana na 18, na zabi a kwana na 24, a ƙara ruwa, a bar buɗe murfi. In wuta ta ɗauke, a lulluɓe injin da bargo. Wanda ba shi da tabbacin wuta, kaza ta fiye masa inji.

Ranar fitowa

Daga lokacin da ɗan tsako ya huda ɓawo, yana iya kai yini guda kafin ya fito. Kada a ɓare masa, jini zai zuba. In ya bushe, a fara ba shi ruwa mai tsabta a faranti marar zurfi, a zuba ƴan tsakuwa ciki don kada ya nutse. Sannan a ba shi tsakin hatsi, da dakakken ƙuli-ƙuli, da gara.

Hausawa sun ce kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa. A tsare uwar da ƴaƴanta a akurki ko ƙarƙashin babban kwando har mako huɗu. Ƴan zabi kuwa ba su da maƙiyi kamar sanyi da raɓar safiya. Kada su fita sai rana ta busar da ciyawa.

Rigakafi ya fi magani

Annobar da ke share kaji da sanyin hunturu sunanta Niyukasal, sunan wani gari ne na Ingila inda aka gan ta a shekarar 1926. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi mai araha. A nemi ma'aikatan kiwo na Tasawa ko na Mayahi su yi wa garke duka kafin sanyi ya shigo.

Murar tsuntsaye kuma ta shigo Nijar a watan Fabrairu na 2006, a Magarya, kuma tana iya kama mutum. Don haka kada a sayi ƙwai ko kaza daga garin da kaji ke mutuwa. Sabuwar kaza a ware ta mako biyu. In kaji sun fara faɗuwa da yawa, kada a ci, kada a sayar, a sanar da likitan dabbobi. Kada kaji su kwana ɗaki ɗaya da mutane. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ƙwai ko gurbi.

Ƴan'uwa, a daminar bana kowa ya samu ɗan littafi. Ya rubuta inda ya sayi ƙwai, da ranar da ya sa wa kaza, da nawa ya sa, da nawa suka fito. In an haɗu a ajin yaƙi da jahilci, a karanta wa juna. Nan za a gane wane mai ƙwai ne na ƙwarai, wace kaza ce kuma ta cancanci a bar ta ta sake kwanci. Allah ya sa albarka a kiwonmu, amin.