Kukan maɓallin salula yana iya tada injin ban ruwa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ku ɗauki salularku ku danna lamba 1. Ku saurara da kyau. Yanzu ku danna 5. Kun ji kukan ba iri ɗaya ba ne. Da yawa cikinmu suna zaton ado ne kawai. Ba ado ba ne. Magana ce wadda na'ura take ganewa.

Wani kamfanin waya na Amurka mai suna Bell ne ya fito da wannan dabara a shekarar 1963. Kowane maɓalli yana fitar da murya biyu a haɗe, ɗaya kakkaura, ɗaya siririya, kamar ganga da algaita. Lambobi 1, 2 da 3 kakkaurar muryarsu ɗaya ce, amma siririyar ta bambanta. Haka ake gane kowace lamba. An zaɓi muryoyin da gangan, yadda surutun mutane ba zai rikita na'ura ba.

Ƴan lakkol masu koyon aikin lantarki a ƙasashe da dama suna gwada abin da wata ƴar mota mai tafiya ba direba, wadda ake kira robo. Sai su ɗaura mata salula, su gyara ta yadda za ta amsa kira da kanta. Tsakanin salular da injin tayoyi akwai wani ɗan ƙarfe baƙi, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Aikinsa sauraro. Galibi in aka danna 2 mota ta yi gaba, 8 ta yi baya, 4 hagu, 6 dama, 5 ta tsaya cik. Nisa ba ya hana komi. Duk inda kira yake shiga, umurni yana isa.

To, mu ina ruwanmu da motar wasa? Ku cire tayoyin, ku sa injin ban ruwa mai aiki da lantarki a madadinsu. Shi ke nan, mai garka a bakin gulbi wajen Tibiri yana cikin kasuwar Maraɗi ranar Juma'a, yana iya buɗe ma albasarsa ruwa. Makiyayi ma yana iya cika kwamin shayarwa kafin garke ya iso.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Wani ɗan ƙasarmu, Abdou Maman Kané, ya ƙera na'urar ban ruwa daga nesa, wadda manomi yake tadawa ya tsaida da salularsa. Tana iya aiki da hasken rana. A 2011 ya ci kyautar kamfanin Orange, a 2015 kuma aka ba shi babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na biyu na Maroko, a taron duniya kan ruwa da aka yi a Koriya ta Kudu. A Indiya ma manoma suna da irin tasu, mai suna Nano Ganesh.

Amma a yi hattara. Salula tana da kunne, ba ta da ido. In ruwan rijiya ya ja baya, injin zai yi ta juyawa a bushe har ya ƙone, mai shi yana can yana ciniki. In hanyar ruwa ta fashe, ruwan ya malala gonar maƙwabci, kukan maɓalli ba zai faɗa maka ba. Saboda haka duk mai son sa wannan na'ura ya tambayi mai haɗa ta: in ruwa ya ƙare, injin yana tsayawa da kansa? In ya ce a'a, kada a biya.

Babbar magana kuwa tana inda ake tarayya da ruwa, kamar fadamar Jiratawa da aka gyara a 1982, mai faɗin eka sama da 500. Can ruwan daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa, lantarki ke jawo shi, kuma kuɗin wutar a wuyan ƴan koperatib yake. Kowa da ranar ban ruwansa. In mutum ya tafi ya buɗe ruwa da hannu, idon jama'a yana kansa. In kuwa daga cikin ɗaki ake buɗewa da tsakar dare, wa ya gani? A ganinmu, kafin irin wannan na'ura ta shiga wurin tarayya, sai an zauna taro an yanke wanda zai riƙe lambar sirri, an kuma sa na'urar ta ƙi amsa kiran kowace salula sai wadda taro ya yarda da ita. Sakataren koperatib kuma ya riƙa rubuta lokacin buɗewa da na rufewa cikin littafi, a karanta ma jama'a ranar biyan kuɗin ruwa.